Aron Rariya a Kebbe

Ku da kuka fito makarantar Littafi Mai Tsarki da satifiket a jaka, na san abin da kuke faɗa a kan aikina. Wai tsohon nan ba ya komai sai zama a inuwa, a zo a yi masa surutu, ya karanta aya, ya yi addu'a, a watse. Ɗayanku ma ya taɓa ce mini, cikin ladabi dai, shi idan ya tsufa irin wannan aikin zai nema ya huta. Allah ya kai shi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina ba mutane shawara a Tambuwal, kuma tun da kun tambaya, zan gaya muku abin da ke ciki. Sunayen da za ku ji ba na masu su ba ne, na canza su, kuma waɗanda labarinsu ya fi tsawo a nan sun daɗe da yarje mini in faɗa. Sauran labaran suna nan inda suke, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Dogon benci guda ɗaya, tabarma, randa da moɗa, sai Littafi. Ɗakin da nake zama a bayan majami'a ba shi da ƙyaure, ni na sa aka cire. Idan mace ce ta zo, matata Laraba takan zauna a tsakar gida tana tsince wake, inda za ta gan mu amma ba za ta ji mu ba. Garin nan ƙarami ne, mu kuma 'yan kaɗan ne a cikinsa, magana ɗaya ta fita a kanka aiki ya ƙare. Bencin kuwa dalilinsa shi ne mutumin ƙasar nan ba ya faɗa maka gaskiyar cikinsa yana kallon ƙwayar idonka. Ka zauna gefensa, ku duka ku kalli bango ko bishiyar dalbejiya, sai ka ji magana tana fitowa da kanta. Littafi shi ne na ƙarshe. Wanda ya buɗe shi kafin baƙo ya sha ruwa ya gama maganarsa, wa'azi ya yi, kuma wa'azi da ranarsa.

Masu zuwa wurina yawancinsu aiki ne ya kawo su ƙasar nan. Malaman makaranta, 'yan sanda, nas-nas, makanikai, masu shagon magani. Wasu daga Zuru irina, wasu daga Filato, wasu kudancin Kaduna. Suna haya a gidajen Musulmi a Tambuwal, a Dogon Daji, a Jabo, a Kebbe, ran Lahadi su hau babur su zo sujada. A garuruwansu idan miji da mata suka saɓa akwai kawu, akwai gwaggo, akwai kakar da za ta zage su duka biyun ta sasanta su. A nan babu ko ɗaya. Ni ne kawun, ni ne gwaggon, kuma ba ni da ikon zagi.

Wata Litinin wani fasto ya zo mini daga wani ƙauye ta wajen Dogon Daji. Fastoci ran Litinin suke zuwa, kuma ba wanda zai ce maka shawara ya zo nema, kullum babur ya kawo gyara ya ce bari ya biyo. Wannan ya zauna ya sha ruwa moɗa biyu. Ya ce, "Baba, wata huɗu ke nan ina tsayawa gaban mutane ina addu'a, ni kuwa ban yi tawa ba ko sau ɗaya." Na jira. Can na waiga sai na ga kansa ya jingina da bango. Na shimfiɗa masa tabarma, ya kwanta da takalmansa, ya yi barci tun daga hantsi har rana ta karkata. Da ya tashi ya wanke fuska ya ce ya gode da shawara. Sau uku ya yi mini haka kafin ya fara magana ta gaske. Mutum ne da kowa ke sauke masa kaya, shi kuma ba shi da inda zai sauke nasa, matarsa ma yana ɓoye mata don kada ta karaya. Da na tare shi da aya ran farko, da ya gyara zama ya ƙarasa mini ayar da ka, ya ƙara mini biyu, ya hau babur ɗinsa ya tafi yadda ya zo.

Wurin Baba Fasto Ishaku na koya, shi ne ya riƙe majami'ar nan kafin a haifi yawancinku. Shekara biyu ina zaune a ƙarshen bencinsa ba ni da izinin cewa uffan. Idan mutane suka tafi sai ya tambaye ni, "Me ka ji?" In fara maimaita masa abin da suka faɗa, ya ce, "Wannan ai akuyar da ke waje ma ta ji. Me ka ji?" Na tuna wani makanike da matarsa da suka zo suna rigima a kan tukunyar miya, wai ta cika gishiri. Awa guda ana gishiri. Da suka fita na ce, Baba, ai wannan a gaya mata ta rage hannu kawai. Ya ce, "Sau nawa ya ce miyar uwarsa?" Ban ƙirga ba. Shi ya ƙirga. Ashe uwar ce ke aiko da saƙo a kan rashin haihuwa, mijin ya kasa faɗa, matar ta sani ta kasa tambaya, sai gishiri ya ɗauki laifi.

Bayan Baba Ishaku ya koma garinsu ya huta, aka tura ni Jos kwas na wata uku a kan wannan aiki. Ba zan zagi kwas ɗin ba, na ƙaru da shi, har yau ina amfani da rabinsa. Amma na dawo da kaina a kumbure. An koya mana a zaunar da miji da mata suna fuskantar juna, kowa ya faɗi abin da ke ransa a fili. An koya mana cewa wanda aka yi wa rasuwa sai ya kira sunan mamacin da bakinsa kafin ciwon ya fara warkewa. Na dawo na jingine bencin Baba a bango, na sayi kujerun roba uku na jera su kamar murhu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mugunyar shekara. Da bazara baƙon dauro ya shigo ƙasar nan, ya bi gida-gida, bai tambayi kowa addininsa ba. A maƙabartarmu da ke bayan gari na tsaya a kan ƙananan kaburbura fiye da yadda na taɓa yi. Maƙwabtanmu Musulmi nasu ya fi namu yawa, mu je musu gaisuwa da safe su zo mana da yamma. Ɗaya daga cikin yaran da muka binne shi ne Iliya, ɗan shekara huɗu, ɗan Malam Danjuma da Saratu, kuma shi kaɗai gare su.

Malam Danjuma malamin firamare ne a Kebbe, mutumin Filato. Saratu Bahaushiya ce gaba da baya, daga wani ƙauyen Kirista a ƙasar Katsina, can ya auro ta lokacin da ya yi aiki a wajen. Tana cikin mawaƙan majami'a, tana karatu da rubutu, mace mai natsuwa. Ranar jana'iza Danjuma ya faɗi a bakin kabari yana kiran sunan yaron har sai da maza biyu suka ɗaga shi. Saratu tana tsaye a bayan mata, mayafi a ka, idonta a bushe. Da aka koma gida ita ce ta hura wuta ta dafa wa 'yan gaisuwa abinci. Kowa ya gani. Wasu matan har suka yi ƙus-ƙus.

Wajen wata uku bayan haka, damina ta fara sauka, Danjuma ya zo mini. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce tun ranar bai ƙara cin abincinta ba, a kasuwa yake ci, idan an tashi makaranta sai ya zauna gindin bishiya har la'asar don kada ya koma ya ga fuskarta. Ya ce ran Juma'ar da za a ba da hutu, saura mako uku, zai kawo ta tashar Tambuwal ya sa ta a mota ta je gida ta huta. Ku da kuka yi karatu kun san mu ba mu da saki. Amma akwai "ta je gida ta huta", kuma na san matan da suka yi shekara ashirin suna wannan hutun.

Na ce masa, "Malam, ka san Bahaushiya tana kunyar ɗan fari."

Ya ce, "Na sani, Baba. Shekara huɗu ban taɓa jin ta kira sunansa ba, kullum yaron nan, yaron nan. Sunan mahaifina na sa masa, shi ma ba ta faɗa. A majami'a wasu mata ke goya shi. Na yi haƙuri, na ce al'ada ce. Amma al'ada har bakin kabari? A asibiti yana miƙa mata hannu ta ce ni in ɗauke shi. Matar da ɗanta zai mutu ta tashi ta hura wuta, Baba, wannan ba kunya ba ce. Ba ta son shi ne, kuma ni ma ba ta sona."

Na ce ya kawo ta ran Asabar.

Kuskurena ga shi, ku riƙe shi da kyau. Al'adar nan na san ta sarai, a cikinta na girma, matan unguwarmu duk haka suke da 'ya'yansu na fari. Amma a raina na ɗauka abin mutanen da ne, ko abin maƙwabtanmu. Na ɗauka macen da aka yi wa baftisma, take waƙa a gaban jama'a, take karanta Littafi da kanta, ruwan baftisma ya wanke mata wannan tuntuni, abin da ya rage ɗan nauyin baki ne da zan taimaka mata ta sauke. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Na kalli fuskar Saratu ran Asabar ɗin ban ga komai ba, sai na ce to, bari in tono.

Na zaunar da su a kujerun roba, tana fuskantar mijinta, ni ina gefe. Danjuma ya yi magana mai tsawo, ya yi kuka. Sannan na juya gare ta.

"Saratu, gaya wa mijinki abin da ke ranki."

Ta ce, "Baba, Allah ya ba mu haƙuri."

"Amin. Amma me kike ji?"

"Allah da ya ba mu shi ya karɓa."

Na ce, "Wa ya karɓa? Faɗi sunansa. Ba kowa a nan, daga ni sai mijinki. Ki kira sunan ɗanki sau ɗaya."

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafi. Na sake faɗa. Na faɗa sau uku, ina sassauta murya kamar yadda aka koya mana, ina jin kaina gwani. A na ukun ta zame daga kujera ta durƙusa, ta ce, "Baba, a yi mini gafara," ta tashi ta fita. Ta wuce Laraba a tsakar gida ba ta tsaya ba, ta je bakin titi ta tsaya kusa da babur ɗin mijinta.

Danjuma ya share fuska ya ce, "Ka gani da idonka ko, Baba?" Ya roƙe ni in zo tasha ran Juma'ar hutu in yi addu'ar tafiya, don kada a ce ya kore ta a ɓoye. Mutum ya shigo ɗakina da zargi, ya fita da shaida, kuma ni na ba shi. Garin gyaran gira na tsone ido.

Laraba ba ta ji abin da aka faɗa ba, amma ta ga fitar. Ta ce, "Me ka yi wa yarinyar nan?" Na ce aiki ne, ba ya faɗuwa. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ran Talata na hau babur na tafi Kebbe, hanya duk taɓo, niyyata in sake gwadawa. Ban kai ƙofarsu ba maƙwabcinsu Malam Umaru ya tare ni. Dattijo ne manomi mai 'yan shanu, gidansa da gidan da su Danjuma ke haya danga ɗaya ta raba. Ya ce in shigo zaure, iyalinsa na da magana da ni. Ya shiga ya fito da matarsa Inna Kulu, tsohuwa gajera, ta zauna a bakin ƙofar ciki ta ba ni gefe. Ko gaisuwar ba ta bari ta yi tsawo ba.

"Kai am malamin su Danjuma?"

Na ce ni ne.

"Cewa anka yi ka aje ɗiyar mutane gaban mijinta, kac ce ta kiri sunan ɗanta na fari. Wanda kuma sunan surukinta na. Malam, kai ina anka haife ka?"

"Zuru, Inna, amma nan na girma."

"To girman banza kay yi."

Malam Umaru ya yi gyaran murya, ta ce masa ya bari ta gama.

"Ni haihuwata tara. Na farin shina nan da ɗiyanai, har furfura ta fara mai, ban taɓa kiran sunanai ba. In ya shigo gaishe ni bango nika kallo. Amma ko ƙaya ta soke shi gona, ni ka fara jin ta ga ƙafata. Wada aka son ɗan fari ba a son kowa hakanan, shi as sa aka ɓoye shi. Kai ko ka aje ta gaban maza biyu kana faɗin ta tuɓe."

Na ce, Inna, ai ko hawaye ba ta yi ba.

"Gabanka za ta yi? Kullum in an yi azahar sai ta biyo ta kafar danga ta zaka aron rariya. Rariyarta na nan rataye ga madafa, sabuwa, ni nar raka ta saye. In ta shigo sai in ce rariya na ƙurya. Ta shige ƙuryar ɗakina in saki labule. Wata ukku ke nan. Abin da taka yi can ba ni faɗa ma, amma matashin kaina kullum sai na shanya shi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan, kuma ban ƙara jin irinta ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi wata uku tana aikina da labule ɗaya, ni ina can da kujeru uku ina ɓarna.

Na ce to yanzu yaya za a yi, saura kwana goma sha bakwai. Idan na je na gaya wa Danjuma ba zai yarda ba, zai ce ina kare ta ne, kuma ni ne na nuna masa akasin haka da idonsa. Malam Umaru ya ɗaga kai ya kalli bangon da muke jingine da shi. Ɗakin Inna Kulu ne a bayansa, bango ɗaya, da 'yar taga can sama. Ya ce, "Wanda duk yaz zauna nan shina ji. Ni in ta shigo hita nika yi in tai gona."

Na gane abin da yake nufi, na kuma ce ba zan yi ba. Aikinmu amana ne. Wurin nan shi kaɗai ya rage wa matar nan a duniya da za ta yi kuka, idan na kawo mijinta ya laɓe ba da saninta ba na ƙwace mata shi, na ƙara cuta a kan cuta. Na ce sai dai Inna ta tambaye ta. Idan ta ce a'a, magana ta mutu a zauren nan.

Ran Alhamis na koma. Inna Kulu ta ce ta tambaye ta.

"Me ta ce?"

"Tac ce zaure ba nata na ba. Wanda mai gida yab bari shi zauna, shi zauna."

Na ce, "Wato ta yarda ke nan?"

Ta kalli Malam Umaru. "Wanga malami sai an tauna an ba shi?"

Ran Litinin na iske Danjuma gindin bishiyar makaranta bayan an tashi. Ban gaya masa komai ba. Na ce ya raka ni in gaida Malam Umaru, kuma duk abin da ya faru ya zauna ya yi shiru, wannan kaɗai nake roƙo a wurinsa kafin Juma'ar hutu. Ya ɗauka sulhu za a yi masa da dattijo, ya zo yana cika yana batsewa. Malam Umaru ya dawo daga sallar azahar, ya shimfiɗa mana buzu da tabarma, aka gaisa, aka yi maganar ruwan sama da shuka.

Sai muka ji murya daga ciki. "Salamu alaikum. Inna, aron rariya."

Danjuma ya ɗago kai.

Inna Kulu ta amsa, "Tana ƙurya, shiga ki ɗauka."

An daɗe ba a ji komai ba, har na fara tunanin ta fasa. Sannan sautin ya fara. Ba ihu ba ne irin na bakin kabari. Kukan wanda ya cusa zane a baki ne, yana fita da ƙyar, ya tsaya, ya dawo. Danjuma ya kalle ni, na kalli ƙasa. Can muka ji maganarta a tsinke, Inna kawai take kira.

"Ban ɗauke shi ba, Inna. Yana miƙo mini hannu, mutane suna tsaye, na ce babansa ya ɗauke shi. Na ce idan sun fita zan ɗauke shi. Ba su fita ba, Inna. Ba su fita ba."

Inna Kulu ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. "Na sani, ɗiyata," kawai take cewa. "Na sani."

Danjuma ya zabura ya nufi ƙofar ciki. Malam Umaru, da tsufansa, ya riga shi, ya kama hannunsa. Ya ce a hankali, "Malam, gidan ga ba a shiga. Zauna." Ya zauna. Haka ya zauna yana jin matarsa ta bayan bango ba shi da ikon zuwa wurinta, ya sa hularsa a baki ya cije. Ban taɓa shi ba, ban yi addu'a da ƙarfi ba, ban buɗe Littafi ba, yana cikin jaka a kan babur. Har aka kusa kiran la'asar sannan kukan ya lafa. Muka ji an zuba ruwa a buta, an wanke fuska. Muka ji ta ce, "Na gode, Inna, gobe zan maido." Ta tafi ta inda ta zo.

Malam Umaru ya tashi ya tafi masallaci ya bar mu. Danjuma ya ce, "Baba, ta san ina nan?"

Na ce, "Zaure ba nata ba ne."

"Me zan ce mata?"

"Ba ka ji komai ba. Gaisuwa ka rako ni. Idan ka je ka ce mata na ji ki, ka yi abin da na yi ran Asabar. Ka dai koma gida da wuri."

Kada ɗayanku ya ɗauki wannan ya mai da shi dabara, ya riƙa laɓe mazan mutane a zaure. Sau ɗaya na yi a shekara talatin, da yardar mai abin, kuma don na riga na toshe hanyar da ta fi wannan kyau da hannuna. Kada kuma ku ce na ce al'adar ba ta da laifi. Kun ji abin da ta hana uwa yi a asibiti. Abin da na ce shi ne ba a cire wa mutum ita da rana tsaka a gaban mutane don ka yi kwas. Da na koma Tambuwal na ba 'yan zumuntar mata kujerun roba, na sauko da benci.

Abin da ya faru a gidansu cikin kwanakin da suka rage ban sani ba. Ban je ba, ban aika ba. Lahadi ta zo ba su zo sujada ba, aka ce rafi ya cika ya tare hanya. Yawancin aikin nan haka yake, ka yi iyakar naka a benci, mutane su koma gida su rufe ƙofa, kai kuma ka zauna ba ka san ko ka gyara ko ka ɓata ba.

Ran Juma'ar hutu na je tasha da hantsi kamar yadda na yi alkawari. Motar Sakkwato tana lodi, daga can ake hawa ta Funtuwa. Na hango Saratu a tsaye da akwatinta na ƙarfe, an ɗaure shi da igiya. Na ce a raina shi ke nan. Sai ga Danjuma ya fito daga bayan mota da tasa jakar a kafaɗa, yana gardama da ɗan kamasho a kan kujera biyu na kusa da taga. Ya gaishe ni ya ce za su je ƙauyensu Saratu su yi hutun a can. Ya ce kakar yaron ba ta samu zuwa jana'iza ba, kuma an gaya masa a wurinsu kaka ce ke da ikon yin kukan jika da ƙarfi ta kira sunansa, uwa ta zauna a bayanta. Ya ce yana so ya kai Saratu inda za a yi mata wannan.

Na yi addu'ar tafiya gajera. Tun ran Asabar ɗin nan Saratu ba ta ƙara yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba. Har ta sa ƙafa a mota sai ta dawo, ta ɗan rusuna, idonta a ƙasa.

"Baba, damina ta zauna. Idan an samu mai zuwa bayan gari, a duba ciyawa. A wurin..."

Ta tsaya. Danjuma ya buɗe baki, na ga sunan ya zo masa har leɓe. Ya kalle ta, ya haɗiye.

"Wurin yaron nan take nufi, Baba."

Na ce na gane. Mota ta cika suka tafi. Washegari da safe na ɗauki fartanya.